Iyali daga Amurka za su zauna a Abuja: me ya rage a kaina bayan gida da mota?

Tambaya: Anti, ina aiki a sashen gudanarwa na wata ƙungiya a Abuja. An ɗauko mana injiniyan ruwa daga Amurka, kwangilar shekara uku. Zai iso a watan Agusta da matarsa da yara biyu, mace mai shekara 9 da namiji mai shekara 4. An ce ni zan kula da saukarsu. Ofis ya tanadi gida da mota. Me ya rage a kaina, kuma wata nawa irin waɗannan mutane suke ɗauka kafin su saba?

Amsa: Ƙanwata, bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce mai gajeriyar amsa. Maigidan zai saba cikin 'yan makonni, ɗan ƙaramin ma haka. Yarinyar za ta ci zangon karatu ɗaya ko biyu. Matar kuwa, in an yi sa'a wata shida, in ba a yi ba shekara ta zagayo tana ƙirga kwanakin komawa. Kuma a hannunta yake ko kwangilar nan za ta kai ƙarshe ko ba za ta kai ba. Na daɗe ina aikin saukar baƙin ma'aikata, kuma yawancin waɗanda na ga sun tattara nasu ya nasu kafin wa'adi ba aikin ne ya kore su ba, gidan ne bai zaunu ba.

Dalilin a fili yake. Ranar Litinin ta farko maigida zai tashi ya tafi ofis, ya tarar da tebur da kwamfuta da mutanen da suka san sunansa, suna jiran ya faɗi abin da ya sani. Rayuwarsa ta canza gari ne kawai. Matar kuma za a bar ta cikin katanga mai waya a sama, da maigadin da ba ta fahimtar Turancinsa sosai, da yaro mai shekara 4 da ke tambayar ina kakarsa. A can ƙasarsu wannan matar ita ke tuƙa kanta, ta kai yara makaranta, ta biya kanti, ta biya kuɗin wuta ta waya, wataƙila ma tana da aikinta da albashinta. A nan, takardar zaman da za a ba ta a matsayin matar ma'aikaci ba izinin aiki ba ce. Ko burodi take so sai ta jira direba. Mutumin da aka raina tun yana ƙarami a kan ya yi wa kansa komai, ba abin da ke karya masa gwiwa kamar ya wayi gari sai an yi masa komai.

A nan ne mu ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Tarbiyyarmu ta ce baƙo ba ya wahala: a karɓe masa kaya, a je masa kasuwa, a yi masa ciniki, a ce ya zauna ya huta. Ga baƙon kwana uku wannan karamci ne. Ga wadda za ta yi shekara uku, kina tsawaita mata baƙunci ne. Don haka ma'aunin aikinki ba yawan abin da kika yi musu ba ne, yawan abin da suka iya yi ba tare da sun kira ki ba ne. Duk abin da za ki yi, ki yi shi tana tsaye kusa da ke, karo na biyu ita ta yi kina kallo, na uku ki ce ta kira ki in ta maƙale.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan. A 1955 wani ɗan ƙasar Norwe, Sverre Lysgaard, ya tattauna da 'yan ƙasarsa 200 da suka zauna Amurka a ƙarƙashin tallafin karatu na Fulbright, ya ga waɗanda suka yi tsakanin wata 6 zuwa 18 sun fi shan wuya a kan waɗanda ba su kai wata 6 ba da waɗanda suka haura 18. Daga nan aka samo ra'ayin cewa baƙo yana farawa da ɗoki, ya faɗa rami, sannan ya fito. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya ƙara yaɗa irin wannan bayani a 1960. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba kowa ke bin wannan layi ba, wasu makonnin farko ne mafi tsanani a gare su. Ni dai abin da nake gani ga Amurkawan da suka sauka a Agusta shi ne, ramin nasu yana faɗowa a ƙarshen Nuwamba. Sun zo cikin damina, Abuja ta yi kore shar, iska mai daɗi, suna ta ɗaukar hoton duwatsu. Zuwa Nuwamba ɗokin ya ƙare, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ta fara, leɓen yara ya tsage, tari ya shigo gida. Daidai lokacin kuma ake bikin godiya a ƙasarsu, ranar Alhamis ta huɗu a watan, ranar da dangi ke haɗuwa a ci talotalo. A wurinsu kusan kamar Sallah ce, a nan kuwa ranar aiki ce kamar kowace. Ki sa alama a kalandarki tun yanzu. Ki nema wa maigidan hutun ranar, ki nuna wa matar inda ake sayar da talotalo, in sun gayyace ki ki je.

Maganar takardu ba zan daɗe a kanta ba, tunda ofishinku yana da lauya ko wakili. Ki dai tabbata gurbin aikinsa yana cikin adadin baƙin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta amince wa ƙungiyarku, an nemo musu bizar da ta dace da zama da aiki ba ta ziyara ba, kuma an fara neman katin zama na CERPAC da wuri. Ƙa'idojin hukumar shige da fice sun sauya a 2025, kada ki dogara da abin da wani ya yi shekara biyar baya. Fasfon yaran Amurka 'yan ƙasa da shekara 16 shekara 5 kawai yake yi, ba 10 ba kamar na manya, kuma sabunta shi na bukatar amincewar iyaye biyu. Ki duba ranar ƙarewar na yarinyar, sau da yawa nan ake yin tuntuɓe.

Lafiya ce inda nake so ki tsaya da kyau. Katin rigakafin cutar shawara dole ne, allurar kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Likitansu na can zai yi musu maganar sanƙarau da taifot da ciwon hanta. Babban abin shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mu da muka tashi da shi muna ɗaukarsa kamar mura, mu ce maleriya ce, a sha magani a kwanta. Jikin da bai taɓa haɗuwa da shi ba ba shi da wannan garkuwa, kuma irin da ke yawo a nan yana iya kwantar da yaro ya kai shi ga halaka cikin 'yan kwanaki. Ki gaya wa direba da mai aiki da maigadi, da bakinki, cewa a wannan gidan ba a cewa "bari mu gani zuwa gobe". Zafin jiki ya tashi, ranar za a yi gwaji, ko da ƙarfe biyun dare ne. Maganin kariya kuwa likita ne zai zaɓa musu. Akwai irinsu kamar doksisaikilin da ba a saba ba yara 'yan ƙasa da shekara 8 ko mai ciki ba, saboda haka abin da ya dace da uban ba lalle ya dace da ɗan ƙaramin ba. Gidan sauro a kowane gado, raga a kowace taga, a duba kafin su iso.

Ki kai su asibitin da za su riƙa zuwa tun kowa na da lafiya. A buɗe fayil, su ga ƙofar da ake shiga da dare, su san ko ana karɓar inshorarsu ko sai an ajiye kuɗi tukuna. Ki tambayi ofis ko inshorar ta haɗa da ɗaukar mara lafiya a jirgi zuwa wata ƙasa. Sannan ga wani ƙaramin abu da ke rikita mutane a daren tashin hankali: ma'auninsu na zafin jiki daban ne. Uwa za ta kira a firgice ta ce yaro ya kai 102, nas ta yi shiru tana tunanin ko matar ta ruɗe. Farenhait take nufi, wato kusan 39 a namu. Ki rubuta musu a takarda a manna jikin firji: 100.4 nasu shi ne 38 namu, daga nan zazzaɓi ya fara. Nauyin yaran ma a auna shi da kilo a rubuta, don da kilo ake lissafa musu magani, su kuma da fam suka san shi.

Tambaya ɗaya da za ki aika musu yau, kafin ma su taso: akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa? Wannan larura ta yawaita a yaran Amurka, kuma ga mai tsananinta ɗan kaɗan ya isa ya toshe masa numfashi. Mu kuwa gyaɗa tana ko'ina a abincinmu, har inda ba a ganinta. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Kilishi da tunkuza ake shafe shi. Ga miyar taushe, ga kunun gyaɗa, ga ƙosan da aka soya da man gyaɗa. Mai tsire ba zai ce miki akwai gyaɗa a namansa ba, don shi a ganinsa yaji ne kawai. In akwai mai wannan larura, su taho da allurar gaggawa irin su EpiPen fiye da ɗaya, a ajiye ɗaya a makaranta, kuma mai girki ta san ba tsirfar Turawa ba ce.

Sai gida. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, bakin soket ma daban. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyun, an rubuta a jikinsu. Amma blanda da na'urar busar da gashi da injin haɗa kofi, in aka sa musu kan soket kawai aka jona, ƙauri za a ji. Shawarata su bar waɗannan a can su saya a nan, ya fi sauƙi a kan jigilar taransifoma ɗaki zuwa ɗaki. Ranar farko ki zagaya da su biyun, ba maigidan kaɗai ba: ga inda ake juya wuta daga layi zuwa janareta, ga abin da inbata ke iya ɗauka da abin da ba ya iyawa, ga yadda ake sa kati a mita, ga makunnin famfon da ke tura ruwa tanki, ga yadda ake gane tukunyar gas ta kusa ƙarewa da inda ake cika ta. A yawancin garuruwansu ana shan ruwan famfo kai tsaye, yaran za su kafa baki a famfon banɗaki ba tare da tunani ba, sai an yi ta nanata musu. Kayan da suka aiko ta ruwa kuwa za su iya yin watanni kafin su fito daga tashar Legas. Ki ce kowane yaro ya cika jaka ɗaya da abin da ransa ke so, bargonsa, littattafansa, 'yar tsanarta, ya shigo da ita jirgi. Ɗakin yara shi za a fara shiryawa, falo ya jira.

In suna da kare, kuma da yawansu suna da shi, suna ɗaukarsa ɗan gida, su yi maganar komawarsa tun kafin su fito. Daga 1 ga Agustan 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasarsu, CDC, ta tsaurara ƙa'idar shigar da karnuka Amurka daga ƙasashen da ke da haɗarin ciwon haukan kare, Najeriya na ciki, kuma akwai takardar rigakafin da aka fi son a cike ta tun karen bai bar Amurka ba. Su kuma ki fahimtar da su cewa maigadi ko baƙon da ya ja da baya daga karen ba ƙiyayya ba ce.

Masu aikin gida wani babi ne mai zaman kansa. Matsakaicin iyali a Amurka ba su da direba ko kuku ko mai raino da ke kwana a gida, sai masu hannu da shuni. Don haka matar za ta shiga wani hali: kunya take ji wani babba ya wanke mata kwano, ga shi kuma ba ta saba da baƙon ido a cikin gidanta daga safe zuwa yamma ba. Wasu sai su zuba albashin da ya ninka na unguwa, su ce a kira su da sunansu, a zauna tebur ɗaya, bayan wata biyu kuma su zo suna kukan an raina su. Wasu su kasa faɗin abin da suke so, su yi ta cika suna batsewa har ranar da za su fashe a kan ƙaramin abu. Ki zauna da ɓangarorin biyu a rubuta komai: lokacin zuwa da tashi, ranar hutu, albashi, kuɗin asibiti, goron Sallah ko na Kirsimeti, yadda ake neman bashi da iyakarsa. Ki faɗa wa matar cewa in ta ce "kin gane?" aka ce "e", ba lalle an gane ba, ladabi ne ya hana a ce a'a, gara ta nuna da hannu. Su kuma masu aikin ki gaya musu abu biyu ba sassauci: ba a dukan yaran nan, ko ɗan ranƙwashi, kuma ba a sa su a mota sai an ɗaure su. Ɗan shekara 4 yana da kujerarsa ta musamman a mota, ba a rungume shi a gaba. A kan waɗannan biyun na ga an sallami mutanen kirki da ba su san sun yi laifi ba.

Kasuwa kuwa, kada ki bar ta ta ƙare a manyan kantuna masu sanyi, inda za ta sayi kwalin hatsin karin kumallo da kuɗin da zai ciyar da gida kwana biyu, ta dawo tana jin ƙasar ba ta da komai. Ki kai ta kasuwar Wuse ko ta Utako da safe, ranar da ba cunkoso. Ki zaɓa mata mai tumatir ɗaya, mai nama ɗaya, mai kayan marmari ɗaya, ki gabatar da ita a matsayin taki. Ki nuna mata mudu da kwando da kashi, don ita da sikeli ta saba. Ki bar ta ta taya da kanta. Za a yi mata tsada, ki kawar da kai, ɗari biyar ɗin da ta yi asara kuɗin makaranta ne. Ki koya mata gaisuwa kafin tambayar farashi, da "nawa ne", da "rage mini", da karɓa da hannun dama. Ranar da mai tumatir ya hango ta ya ce "kwastoma, kwana biyu", ya ƙara mata gyara, za ki ga yadda za ta shigo mota fuska a sake. Tuƙi ma haka. Mu da su duk dama muke bi, Najeriya ta koma dama tun 1972, kuma titunan Abuja sun fi na yawancin garuruwanmu sauƙi. In dokar ofishinku ba ta hana ba, a nema mata lasisi, ta fara da safiyar Lahadi daga gida zuwa Tafkin Jabi ko Millennium Park.

Makaranta ita ce ke ba gida tsari, kuma nan uwa ke samun ƙawayen farko, a bakin get lokacin ɗaukar yara. Makarantar Amurka ta Abuja, AISA, da ke Durumi, tana bin manhajar ƙasarsu kuma tana buɗe shekara a Agusta, ba Satumba ba, don haka a nemi gurbi yanzu, a kuma tabbatar wa zai biya, don kuɗin ba na wasa ba ne. In mai tsarin Ingila suka zaɓa, lissafin aji ya bambanta da ɗaya: aji 4 na Amurka shi ne shekara ta 5 a tsarin Ingila. Kada a ga lamba a mayar da yarinya baya. Ki lura da nisan gida da makaranta fiye da nisan gida da ofis.

Yarinyar ce za ta fi ba ku mamaki. Mai shekara 4 duniyarsa iyayensa ne, inda suke nan ne gida, kafin Kirsimeti za ki ji yana yi wa maigadi Hausa ko Turancin buroka. Mai shekara 9 ta bar aminiya, ta bar ƙungiyar wasanta, kuma ba wanda ya nemi shawararta. Tana iya yin shiru, ko ta koma rigima, ko ta ce ba ta cin komai sai taliya. Ba rashin tarbiyya ba ne, kewa ce. Wata masaniyar zamantakewa, Ruth Hill Useem, da ta yi nazarin iyalan Amurkawa a Indiya a shekarun 1950, ita ta fara kiran irin waɗannan yara 'ya'yan al'ada ta uku, don ba su zama 'yan ƙasar da suke zaune ba, ba su kuma zama daidai da tsaransu na gida ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin fice a rubutu kan su, Ruth Van Reken, a Kano aka haife ta a 1945, iyayenta 'yan mishan ne. Arewa ta daɗe da sanin irin waɗannan yara, makarantar Hillcrest ta Jos tun 1942 take karantar da su. Barack Obama ma ya zauna Jakarta daga 1967 zuwa 1971, yana zuwa makarantun 'yan ƙasa, mahaifiyarsa na tashinsa da asuba ta ƙara masa darasin Turanci. Abin da ke taimaka wa yarinya irin wannan shi ne abu ɗaya da ta saba yi a can ya ci gaba a nan, ninƙaya ko ƙwallo ko kiɗa, da kuma tsayayyen lokacin waya da ƙawarta. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa 5 ne daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 6 a sauran watanni, don su suna juya agogo mu ba ma juyawa. Yammacin Asabar ɗinmu safiyarsu ce.

Maganar kuɗi akwai abin da ma'aikatan ofis da yawa ba su sani ba. Amurka na cikin ƙasashe ƙalilan da ke bin ɗan ƙasa da haraji duk inda yake zaune. Injiniyanku zai ci gaba da cike takardar haraji ga hukumar harajin ƙasarsu, IRS, kowace shekara, ko da a nan ake cire masa. Mazauna waje ana ɗaga musu ƙafa zuwa 15 ga Yuni. Akwai rangwamen da ke cire wani kaso na albashin waje daga haraji, dala 130,000 a shekarar 2025, kuma ɗaya daga hanyoyin cancanta shi ne mutum ya yi cikakkun kwanaki 330 a wajen Amurka cikin wata 12. Shi ya sa za ki ga yana ƙirga kwanakin hutunsa kamar mai ƙirga kuɗi. Najeriya da Amurka ba su da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga, don haka zai bukaci shaidar duk abin da aka cire masa a nan, ki tabbata sashen kuɗi na ba shi a kan kari. Haka kuma in jimillar abin da ke asusunsa na wajen Amurka ta haura dala 10,000 ko da na rana ɗaya ne, sai ya kai rahoto da takardar da suke kira FBAR. Ki tuna da wannan in ofis zai zuba masa kuɗin hayar shekara ko na makaranta a asusunsa. Biyan hayar shekara guda a dunƙule ma baƙon abu ne a gare su, wata-wata suke biya. Ki ce kada su kashe layin wayarsu na Amurka, don ta nan bankunansu ke turo lambar sirri. A nan kuma ki taimaka da BVN da NIN, ki nuna wa matar yadda ake tura kuɗi ta waya da mai POS na kusa da gida. Katin banki ta samu nata, kada ya zama sai miji ya dawo.

Tsaro: za su yi rajista da STEP, tsarin da ofishin jakadancinsu ke aika wa 'yan ƙasarsu sanarwa ta cikinsa, saƙonnin gargaɗi za su riƙa shigo musu, wasu su tayar da hankali. A Oktoban 2022 gwamnatinsu ta umarci iyalan ma'aikatanta su bar Abuja na wani lokaci, kuma duk Ba'amurken da ya yi bincike kafin ya zo ya karanta wannan. Kada ki ji haushi, kada kuma ki ce musu ba komai. Ki faɗi gaskiya dalla-dalla: wace hanya ba a bi da dare, me ya sa ba a tare motar haya a bakin titi, wa za a kira in an tsayar da su a shinge. Tsoron da ba shi da iyaka shi ke kulle mutum a gida, wanda aka zana masa iyaka kuwa ana rayuwa da shi.

Zumunci da su yana da nasa salo. Ba'amurke yana da saurin sakin fuska, ya yi miki hira kamar kun shekara, amma ba ya zuwa gidan mutum sai an sa rana da lokaci, kuma ba ya son a faɗo masa ba sanarwa. In kika ce "sai kun zo", za su yi ta jiran gayyata, ke kina ganin sun ƙi zuwa. Ki ce Asabar ƙarfe biyu, za ki gan su biyu saura minti biyar, don haka abinci ya zama ya sauka. In mai gyaran famfo ya ce da safe zai zo, ki fassara mata cewa kafin la'asar ake nufi, ta daina zaman jira a falo. Ki ja kunnen abokan aiki su bar tambayar albashi, da wa suka zaɓa, da yaushe za a ƙara haihuwa, kuma "kin yi ƙiba" da muke faɗa a matsayin yabo zagi ne a kunnenta. Hoton yara ba a ɗauka sai da izini, gashinsu ma ba a shafawa. In kuma baƙaƙen fata ne, nauyinki ya ƙaru ta wata fuska: ba wanda zai yi musu uzurin baƙo. Za a ɗauka 'yan gida ne masu girman kai da ba sa gaisuwa, yaransu na kiran manya da suna gatsal. Sai kin riƙa gabatar da su, kina kuma koya wa yaran "anti" da "kawu" da ɗan rusunawa.

Ki sanar da su tun da wuri cewa za su ji kiran sallar asuba da lasifikar coci, wasu tituna na rufewa ranar Juma'a da azahar, aiki kuma na lafawa da azumi. In Babbar Sallah ta zo ki gayyace su gida, ki ɗinka wa yaran kaya, za su yi ta nuna hoton shekara da shekaru. Sai dai ki tambayi iyayen tukuna ko suna so yaran su ga yanka, don yawancinsu a leda suka san nama. In sun ce a'a, su iso bayan an gama fiɗa, lokacin suya. Kuma kada ki kai su ganin ragon ana saura kwana uku, don kafin ki ankara sun raɗa masa suna.